Shagon Yaya a Hanyar Bututun Mai

Talata, 18 ga Yuli 2023

Na sauka Gaya da hantsi, da ƙyar na gane unguwarmu. Hanyar da ke zuwa sansanin ma'aikatan bututun mai, inda bara ba komai sai gonar gero da awaki, yanzu shaguna ne a jere, wasu na bulo, wasu kwantena ce aka yanka mata ƙofa. Mai cajin salula, mai gasa kaji, har da gidan burodi. Yayata Zalika da na bari tana sayar da shinkafa da wake a kan tebur guda, ga ta da shago mai firigo biyu na sanyaya kaya. Ta rungume ni, ta ce alli ya tsotse ni. Kafin in aje jaka ta miƙo min wuƙa in buɗe kwalayen madara.

Na gaya mata hutun lakwal, wato makaranta, kawai na zo. Ana komawa zan juya garin Bana, inda nake koyarwa, wurin 'yan ajina. Ta ce, “To, wa ya hana ki, Ma'u?”

Lahadi, 23 ga Yuli

Masu walda su ne manyan masu saye. Ba sa tayi. Su shigo da takalman nan nasu masu nauyi, su ce sardin, burodi, ruwan sanyi, su fita. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, kuma sai sun taɓa komai kafin su sayi ashana. Kawu Sumana, ƙanin marigayiya Inna, ya zauna a bencin ƙofa yana kallon motocin da ke jan bututu. Ya ce man zai wuce ƙarƙashin ƙafarmu har teku, ko ƙamshinsa ba za mu ji ba. Yaya ta ce ita ba mai take jira ba, masu haƙa ramin take jira, kuma ga su nan.

Ni dai yarana nake tunani. Tun suna ƙanana nake jan ajin nan, bana ce shekararsu ta jarrabawar shiga koleji. Ba zan bar wa kowa su ba.

Alhamis, 27 ga Yuli

Sojoji sun karɓi mulki. An rufe iyaka. Yaya tana Malanbil, ƙetaren kogi a ƙasar Benin, tun shekaranjiya da ta je sayen kaya. Ta bugo ta ce kada in rufe shago ko da me ake ciki.

Juma'a, 4 ga Agusta

Nijeriya ta yanke mana wuta. Kaji da kifin firigo na raba wa maƙwabta kafin su yi wari, raina na suya. An tare gadar da ke tsakaninmu da Malanbil. Kamiyo a can ƙetare an ce sun yi layi har ido bai ganin ƙarshensu.

Asabar, 12 ga Agusta

Mutane sun koma ƙetarewa ta jirgin ruwa, da su da kayansu. Yau Yaya ta aiko da gurub, injin wuta, an naɗe shi da bargo kamar jariri. Na bugo mata na ce tunda inji ya ƙetare, ke ma ai sai ki biyo shi.

Ta yi dariya. Wai ban san kasuwa ba. Kayan jirgi sai da ido biyu, ɗaya a can yana sakawa, ɗaya a nan yana karɓa. In ba haka ba, buhu goma ya tashi, takwas su iso, kowa ya rantse kogi ne ya ci. Ta ce ita za ta zauna can, ni in riƙe nan, “kafin a buɗe gada.” Yo wa ya san ranar buɗe gada?

Alhamis, 24 ga Agusta

Na yi zaton rufe iyaka zai kashe kasuwa, ashe hura ta zai yi. Aikin bututu bai tsaya ba, ga kuma matafiya, ga 'yan dako, ga masu kabu-kabu, duk sun cika gari. Maza sun bar gonaki a tsakiyar damina sun zo ɗaukar kaya a bakin ruwa. Wani daga garin Dioundiou ya kafa kanti a gabanmu. Filin da ba wanda ya kalla bara, yanzu 'yan uwa na kai juna gaban mai gari a kansa.

Daga asuba ina bakin kogi cikin taɓo ina duba buhuna, daga nan shago har magariba. Ƙarar gurub ta zauna min a ka, ko an kashe shi ina jin ta.

Laraba, 30 ga Agusta

Ƙafafuna sun kumbura. Ban buɗe littafi ko guda ba tun da na zo.

Talata, 5 ga Satumba

Mushe Idi (haka muke ce wa malamai maza), diraktan lakwal ɗinmu, ya zo cin kasuwa ya biyo ta shago. Ya tsaya yana kallona ina auna sukari har masu saye suka ragu. Ya ce, “Madam, ranar biyu ga Oktoba fa. Kin san yanzu ba a wasa. Malamin da bai koma wurin aikinsa ba, cire sunansa ake yi.” Na ce masa ko da rarrafe zan zo. Ya sayi sabulu, ya ƙi karɓar ragi.

Lahadi, 10 ga Satumba

Sau uku yau na ɗauki salula don in gaya wa Yaya. Duk sanda ta ce “Auta, yaya kasuwa?” sai in koma ba ta labarin taliya da man gyaɗa.

Ta yaya ma? Ita ta goya ni bayan rasuwar Inna. Ita ta tsaya gaban dangi ta ce sai na yi lakwal. Tun da nake ban taɓa duban idonta na ce a'a ba. A gidanmu ƙarami bai ce wa babba ya ƙi. Sai dai ya sami dattijo ya kai maganar. Haushin kaina nake ji, mace mai tsawata wa aji guda, amma gaban waya sai rawar murya.

Laraba, 13 ga Satumba

Na je wurin Kawu Sumana da goro. Na faɗa masa dalla-dalla: ina son komawa Bana, Yaya ta nemi wani ya karɓi kaya. Ya gyaɗa kai, ya ce magana irin wannan ba ta waya ba ce, da ƙafarsa zai ƙetare. Ya ce in kwantar da hankalina, ya sasanta abin da ya fi wannan.

Yau na ci abinci har na ƙara.

Lahadi, 17 ga Satumba

Kawu ya dawo da sabuwar hula. Na tambaye shi yadda suka yi. Ya ce lafiya lau, Zalika ’yar albarka ce, tun kafin ya ƙarasa ta gane.

Na ce, “Kawu, me ka ce mata?”

Wai ya ce mata yarinyar nan tana ƙoƙari, amma wurin ya yi mata ƙunci. Ranta bai zauna ba. A duba mata, a ba ta matsayinta, kada a manta mai ilimi ce.

Na ce, “Ka ambaci Bana?”

Ya ce ai ba a fara magana da babba ta nan. Mai hankali ce, ta san inda aka dosa.

Duk da haka na yi masa godiya. Me zan ce? Shi ma babba ne.

Juma'a, 22 ga Satumba

Na dawo daga bakin ruwa na tarar da magina suna fasa bangon shago. Yaya ta kama ɗakin tela na kusa da mu, za a haɗe su. Ta aiko da kujera mai taushi da fanka. Ta bugo tana murna: “Kawu ya ce wuri ya yi miki ƙunci. Me ya sa ba ki faɗa min ba? Yanzu ki miƙe ƙafa.”

Na tsaya cikin ƙurar siminti na ce na gode, Yaya. Wallahi na gode na ce. Bayan ta kashe na shiga bayan firigo na yi kuka, magini na tambayata inda za a sa kanta.

Talata, 26 ga Satumba

An kafa allo a saman ƙofa, ja da fari, da sunana ɓaro-ɓaro. Shagon Madam Ma'u. Matsayin da Kawu ya roƙa min ke nan. Tun safe mata ke shigowa yi min barka. Fatuma mai waina ta ce irin Zalika ba a sake haifa ba, wace yaya ce za ta gina ta rubuta sunan ƙanwa? Kawu na benci yana karɓar gaisuwa kamar shi ya haifi allon.

Yanzu in na tafi, ba shago na bari ba. Kyautar Yaya na watsa mata a fuska gaban duk Gaya.

Litinin, 2 ga Oktoba

An koma lakwal. Yara sun wuce ta gabana da sabbin jakunkuna, wasu ma a wurina aka saya. Ban fita ba.

Talata, 10 ga Oktoba

Mushe Idi ya sake zuwa. Ya ɗaga kai ya karanta allon, ya daɗe a kai. Ya ce ya gaya wa na sama ba ni da lafiya, shi ke riƙe da ajina tare da nasa. Zai iya rufa min asiri zuwa Litinin ta ƙarshen wata, daga nan hannunsa ya fita. Ya ce yaran na tambaya, Bibata mai zama gaba ta ce ba za ta karanta wa kowa ba sai ni.

Na ce ina nan tafe. Ya ce, “Allah ya sa, Madam.” Bai sayi komai ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Mutumin Dioundiou ya kawo firigo, ya karya kuɗin ruwan sanyi don ya janye min masu walda. Ni zai yi wa haka? Na sami mai jirginmu, Abdu, muka shirya kayana su riƙa fita a sawun farko. Kafin nasa su taɓa ƙasa na cika sansani da burodi da ƙanƙara. Da azahar na hango shi zaune yana korar ƙuda. Na aika masa da gaisuwa.

Na kuma gano madarar gwangwani ta fi tafiya in tana kusa da ƙofa. Yaya tun da ta buɗe shagon a lungu take aje ta.

Dole in yi magana kafin ƙarshen wata. Wannan karon da bakina.

Asabar, 28 ga Oktoba

Yaya ta zo. Ba sanarwa, sai ganinta na yi da zane jiƙe har gwiwa. Ta zagaya shagon tana taɓa kanta, ta ga madara a bakin ƙofa, ta yi murmushi. Da rana ta yi sanyi ta ce in ja ƙofa mu zauna.

Ta ce, “Auta, kina tsammani ban gane aiken Kawu ba? Tun da ya cire takalmi na san Bana ce.”

  Cikin fushi na ce to me ya sa aka fasa bango?

Ta ce tsoro. Ba ta da wanda za ta ba amanar wannan gaɓar, kuma tunda ba a faɗa mata kai tsaye ba, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce abin bai bar ta ta yi barci ba. Yanzu ta sami wata a Malanbil da za ta riƙa saka kaya, ita za ta dawo nan. “Allo fenti ne, a goge. Ban kai ki lakwal don ki auna min sukari ba. Ki ce za ki tafi, jibi ni da kaina zan raka ki Bana, in ba diraktan haƙuri.”

Ta zuba min ido tana jira. Abin da na yi wata uku ina nema ke nan, an aje min a gaba.

Na ce, “Bari in gani, Yaya. Akwai kayan da za su iso Litinin, kuma ba ki san yadda muka shirya da Abdu ba.”

Ta ce in koya mata yanzu, ai ba karatun likita ba ne. Na ce sai gobe.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Ban koya mata ba. Ita ma ba ta sake tambaya ba.

Litinin, 30 ga Oktoba

Kaya sun iso lafiya, buhu ko ɗaya bai jiƙe ba. Ina bakin ruwa Mushe Idi ya bugo, hannuna duk taɓo, na ce zan kira in na koma. Da na koma masu walda sun cika ƙofa. Da suka watse kuma ga motar burodi.

Ban ce ba zan koma ba. Ba wanda ya ji na faɗi haka. Shekarar lakwal da tsawo, kuma ana iya samun hanya ko bayan an cire suna, na ji an yi wa wasu. Yaran ma Mushe Idi ya fi ni iya lissafi.

Yaya za ta koma ƙetare gobe. Ta ce tunda haka ne, ba amfani mu taru a gaɓa guda. Ta tambaye ni abin da za ta fara sakowa. Na ce firigo na uku, babba, na riga na auna wurinsa.