Janbakinki a Teburin Matiyu

Abbare, Jalingo
14 ga Maris, 1995

Zuwa ga Balaraba, sanyin idona, ruwan randata a zafin Maris, inuwar mangwaron da nake fakewa, wadda ambaton sunanta kaɗai ya sha sauke min zazzaɓi a gadon asibiti.

Ina gaishe ki da zuciyar da ta ƙi kwanciya. Kwana tara ke nan ina ɗauke da wata magana, yau dai sai ta fita, ko da za ki yi fushi.

Kin tuna yammacin da muka zauna a bakin kogin Lamurde, wata huɗu bayan motar doya ta take ni da babur ɗina a hanyar Iware, likitoci suka yanke ƙafar daga saman gwiwa? Na ajiye sandunana a kan yashi, kika ɗauki ɗaya kina zana sunana da ita. Ran nan na faɗa miki abin da ban faɗa wa mahaifiyata ba: cewa ƙafar robar da Matiyu ke haɗa min tana ci na. Kofin nan da dungu ke zama a ciki, wanda yake kira soket, yana gugar ƙashina kamar an cusa tsakuwa, amma duk sanda ya tambaye ni ko da ciwo, sai in ce lafiya lau. Yaya ɗan Fulani zai buɗe baki gaban wani ƙato ya ce yana jin zafi? Ni da aka yi wa shaɗi ina murmushi? Kika yi dariya, kika ce girman kaina ya fi ni nauyi, kuma kika yi min alkawarin maganar ta mutu a wurin.

To, masoyiyata, me ya kai janbakinki shagon Matiyu?

Na gan shi da idona a kan teburinsa, tsakanin magagari da kwanon filasta. Kada ki ce mata da yawa suna da irinsa. Ni na sayo shi a Yola, ni na san tsagewar da ke murfinsa tun ranar da ya faɗi daga jakarki a ƙofar ofishinku. Na tambayi Saleh, direban ma'aikatarmu, ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce sau uku yana ganin ki kina fitowa daga shagon da rana tsaka. Sau uku, Balaraba. Ke da kike ce min aikin buga takardu ba ya barin ki ko cin abinci.

Na yi kishi, ba zan ɓoye ba. Matiyu yana da ƙafa biyu, yana da hannu mai kyau, yana da dariyar da ke cika ɗaki. Duk zuwan da na yi awo, ina tsaye a kan ƙafa ɗaya riƙe da ƙarfe, shi yana durƙushe yana zagaya cinyata da tef, ni kuwa ina kallon tsakiyar kansa ina tambayar kaina me kika gani.

Jiya ya zaunar da ni, bai tambaye ni ko da ciwo ba. Ya ɗauko janbakin nan, ya buɗe a gabana ba kunya, ya shafa min a bakin dungun da gefen ƙashi. Saura kaɗan in kai masa sanda. Ya sa min soket, ya ce in taka sau goma, ya cire. Sai ga ja ya fito a ciki, wuri biyu, daidai inda yake cin namana wata da watanni. Ya ce tun da bakina ya ƙi magana, wannan zai yi, haka aka koya musu. Ya kankare wuraren da magagari, ya shafe su sumul, ya mayar min. Na taka daga teburinsa har bakin titi na dawo, ban ciji leɓe ba ko sau ɗaya.

Kina tsammanin hankalina ya kwanta? Bai kwanta ba, farin watana. Na gane ke kika tona asirina, kuma na yafe, don ƙafar ta zauna. Amma kai janbaki zuwa ɗaya ne, faɗin sirrina ma zuwa ɗaya ne. Na ukun fa? Kin je ne ki tambaye shi ko mutumin nan zai sake tafiya kamar mutane, don ki san abin da za ki faɗa wa kawunki kafin a kawo goro? Ko kuwa tausayina kike ji? Wannan ya fi Matiyu tsorata ni. Gara ki ce min kin ga wani ya fi ni, da ki aure ni kamar mai jinya. Ke ce damina ta farko a gonata, amma ba na son ruwan da aka zubo don an ga shuka tana mutuwa.

Na koyi abu ɗaya jiya: inda aka ɓoye ciwo, nan yake ci. Shi ya sa na rubuto. Yana min ciwo, Balaraba, a nan cikin ƙirjina, kuma ban taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Ranar Asabar bayan la'asar zan zo gidanku. Ba a motar Saleh ba, ba da sanduna biyu ba. Zan tako tun daga Abbare, ko zan kai magariba a hanya. Ki tsaya a ƙofa ki kalli tafiyata da kyau, sannan ki dubi idona ki faɗa min dalilin zuwa na uku. Sabon janbaki yana aljihuna. In amsarki so ce, ki karɓa ki shafa a gabana. In tausayi ce, ki bar min shi, zan kai wa Matiyu, wani mai taurin kai irina zai amfana.

Naki, da ƙafar da Allah ya bar min da wadda kika gyara min, har ranar da za a ajiye su duka biyu,

Hayatu