Amawalin Marigayi

Timiya, farkon Rajab

Zuwa ga 'yata Tekna, 'yar ƙanena marigayi, a Yamai.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu nan sai godiya, lemu ya nuna, rijiyar lambu ce dai ta ja baya. Malam Ghissa na makaranta ne yake rubuta mini, na kuma ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya wanke ta.

Direban motar lemu ya nuna mini a wayarsa guntun fim ɗin da kika haɗa na tarihin mahaifinki, wanda aka ce za ki zo ki haska a bangon makaranta. Na ga ƙanena a ƙasar Turawa, jita a wuya, kai ba rawani, baki a wangale kamar raƙumin da ake yi wa ɗure. Tekna, wa ya aike ki?

Turawa su ce masa sarkin kiɗan rok na hamada, su ce abin da suka ga dama. Ni na goye shi, ni na naɗa masa rawaninsa na farko. Tun ranar babu wani babba a garin nan da ya ga leɓensa. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin amawali yake shigar da kofi. Kakarki Lalla, surukarsa, tana nan da ranta. Duk zaman aurensa da 'yarta, in ya hango ta sai ya ja amawali har gindin ido. Yau da ba shi da hannun ja, ke ce za ki tsiraita shi a gabanta, bakinsa faɗin bango guda?

Ki yanke wurin nan. Ba shawara nake ba ki ba.

Baffanki,
Bahedi ag Kenan

*

Yamai, tsakiyar Rajab

Zuwa ga Baffana Bahedi, Allah ya ƙara maka nisan kwana.

Ina gaishe ka a durƙushe, ina gaida Kaka Lalla da mutan gida.

Baffa, ba cire rawanin ya yi ba. Gefensa ne ya sarƙe a kan jita ana tsakiyar waƙa, ya warware ya faɗi, shi kuwa bai tsaya ba. Masana kiɗa sun ce bai taɓa yin wasa kamar na ranar ba.

Amma ba don su na bar wurin ba. Ina rarrafe ya rasu, Inna ta bi shi ban gama wayo ba. Hotunansa duk na tara su, ido biyu ne da baƙin rawanin turkuɗi, shi ke nan. Duniya ta san muryarsa, ni 'yarsa ban san fuskarsa ba. Ranar da aka aiko mini da faifan wasan nan na gan shi yana dariya, sai ga wushirya, irin tawa sak. Na tsayar da hoton, na ɗauko madubi.

Ka ce in cire komai zan cire, ban da wannan. Ka yafe mini.

'Yarka,
Tekna

*

Timiya, ƙarshen Rajab

Tekna, gaisuwa.

Wushirya! Saboda tsagar haƙori za ki kwance wa mutum mutuncinsa? Da kin tambaye ni, ni da na san bakin nan tun yana tsotson akuya.

Kin ce faɗuwa rawanin ya yi. To, wanda zanensa ya faɗi a kasuwa kawar da kai ake yi, ba a kiran mai hoto. Su masanan naki, wa ya naɗa su? Sun san sau nawa ya kwana da yunwa a hanya don kada ya ci abinci a gaban surukai?

Na je na ce wa Lalla kada ta zo. Ta ce, "Bahedi, tunda nake ban taɓa ganin majigi ba, kai ne za ka hana ni?" Tsohuwar nan da ke, jirgi ɗaya ya kwaso ku. To zan zo da turkuɗina, in zauna gefenta, wurin nan na zuwa in shimfiɗa shi tsakaninta da bango. Malam Ghissa yana dariya. Na ce ya rubuta cewa yana dariya, ki san irin mutanen da suka rage mana.

Bahedi

*

Timiya, Sha'aban

'Yata Tekna, da fatan kin isa lafiya.

Kin zo sallama na juya miki baya, ina sane.

Daren majigin kina can wajen na'urarki, ba ki ga abin da ya faru ba. Da wurin ya zo na miƙe da turkuɗi, sai Lalla ta buge mini ƙauri da sandarta. Ta ce, "Zauna, ka tare mini iska." Ashe ta riga ta juya wa bangon baya da kanta, tana kallon inda kike tsaye, haske a fuskarki, kina dariya kina kuka.

Ta ce, "Ni ba zan kunyata surukina ba. Kuma me zan gani sabo? Mu gidanmu ba mu da wushirya. Tun yarinyar nan ta yi haƙori na san bakin wa nake kallo, na yi shiru."

Kada ki ɗauka na huce. Rabin gari ya gani.

Malam ya ce ana iya ciro hoto guda daga fim. Ki aiko mini da na wurin nan, a rufe. Ban ce zan buɗe ba. Gara dai ya zauna a naɗe cikin rawanina da ya yi ta yawo tsirara a wayar direbobi.

Baffanki,
Bahedi