Dariyar Dapaong

Daren Lahadi, Zango, Sokode

Mun dawo daga garin Dapaong. Sun cinye mu a besbol, wasan jefa ƙwallo a doke ta da sanda, kuma a hannuna aka ci. Saura jifan ƙarshe, sai Lamboni da ke riƙe musu sanda ya ɗaga murya: "Mahauci, ƙwallo ce fa, ba ƙashin saniya ba!" Fili ya ɗauki dariya. Na wurga ta can gefe kamar ban taɓa jifa ba.

A mota Malam Isiyaku mai horar da mu ya ce, "Sani, hannunka lafiya lau. Kunnenka ne ke ciwo."

To, zan yi masa magani. Da saukarmu na biya wurin Kawu Bala. Daga gobe, kullum bayan asuba zan riƙa jifa a bayan mayanka, shi da sauran mahauta suna zagina son ransu, suna buga wuƙaƙe a tebur, har kunnen ya mutu. Kawu ya ce ya daɗe yana jiran irin wannan aiki.

Wata mai zuwa 'yan Dapaong za su zo mana gida. Allah ya kawo Lamboni lafiya, shi da bakinsa. Ya sake ce mini mahauci, in nuna masa yadda ake fiɗa a Zango.