Takarda a Wuyan Riga

Ƙofar Ran, Bauchi
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyin Mambila, ya ɗalibanki? Dada tana gaishe ki, ta ce wai bautar ƙasa ce ta hana ki tuna kakarki ko miji kika samu a kan dutse. Na kira ki da wayar Umma sau biyar ba ta shiga ba, shi ya sa na ba Malam Hammajoda direba wannan takarda.

Maganar shagon Kawu Abdulmuhaimin ce. Kin san saba, babbar kwamfutar ɗakin baya da kika haɗa, wadda duk zanen surfani ke cikinta, take tura wa inji ya ɗinka. Tun da kika tafi ta yi nauyi. Mai kawo ɗinki zai zo zaɓen zane a kwamfutar gaba, sai ya gama shan ruwa hoto bai buɗe ba. Jiya Kawu ya kira Oga Chijioke mai gyara daga Wunti. Ya ƙara mata ram, abin da ke ƙara mata sauri, har giga sha shida, amma da aka kunna, huɗu kawai ta nuna.

Oga ya ce laifin babbar manhajar ne. Wai kashi biyu ce, akwai mai talatin da biyu, akwai mai sittin da huɗu. Tamu ta farkon ce, ba ta iya amfani da fiye da huɗu. Ya ce, "Alhaji, wannan ya tsufa. Masu shi ma sun daina kula da shi." Kawu ya ce, "To wanne ya fi?" Oga ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne, sittin da talatin wanne ya fi?" Suka yi dariya. Kawu ya ce a sa masa babbar. Ranar Asabar za a goge komai a zuba sabuwa, domin wai ba a ɗora ta a kan tsohuwa.

Ina gefe ina yanke zare ina jin su. Amma da na koma gida na buɗe littafina, wanda nake rubuta duk abin da na ji kin faɗa a shago. Bara bayan ƙaramar salla kin cire ɗan shuɗin makullin nan mai kama da filash daga bayan saba, kika sa a laftof ɗinki mai sittin da huɗu, inji ya ƙi motsi, zane ya ƙi buɗewa. Kika yi tsaki kika ce, "Wannan makulli da manhajarsa ba sa aiki sai a talatin da biyu." Haka na rubuta, har da ranar.

Yaya, zanen Dada ɗari biyu da sha ɗaya ne a ciki. Takardun da ta zana su da hannu kin san ruwan rufi ya cinye su, idonta kuma yanzu ko zare ba ta iya sa wa allura. Na tabbata abin da na rubuta daidai ne. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Ni'ima

*

Bayan Gembu
Ranar Talata

Auta, sarauniyar kunya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai ina kwana da safa biyu. Ki ce wa Dada mijin da na samu hazo ne, kullum da safe yana ƙofar ɗakina.

Wallahi na manta da wannan rana sarai. Da ina nan Oga Chijioke ya kawo shawarar, da ni zan fara cewa a zuba sabuwa. Ashe duk surutun da nake yi akwai mai ɗauka a bayana.

Duk abin da Oga ya faɗa gaskiya ne. Tsohuwar ba za ta ci ram ɗin ba, kuma barin ta a intanet haɗari ne tun da an daina aiko mata gyara. Abin da bai sani ba shi ne makullin, domin yana can baya wajen bango, ƙura ta rufe shi. Zai ce zai kwafe zanen a filash kafin ya goge. Kwafin zai fita lafiya, amma ba abin da zai buɗe shi sai waccan manhajar. Ita kuma faifanta ya karce tun ina aji uku, kamfanin ma ban san ko yana raye ba. In aka goge ta, ta tafi.

Na hau tudun da ake samun sabis na kira Kawu. Ya ce "wa ke magana" sau uku, ya ce "Allah ya yi albarka", ya kashe. Kin san shi da waya. Saura ke.

Kada ki ce kar a sa sabuwa, ba za su ji ba. Ki ce a cire tsohon faifan ajiya a ajiye gefe, a gwada sabuwar a wani faifan. In inji ya yi ɗinki, shi ke nan, ni da ke mun yi kuskure. Ki buɗe baki ki faɗa, Ni'ima. Kawu ba ya cizo, gemun ne kawai.

Ki gaida Umma.
Yayarki,
Zakiyya

*

Ranar Juma'a

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi. Kawu ka yi haƙuri da na maƙala wannan a wuyan rigar Alhaji Umar. Jiya sau uku ina zuwa bakin teburinka, sai in ce sannu da aiki in koma. Na lura takardar da ke wuyan riga ce kaɗai ba ka taɓa wucewa ba ka karanta ba.

Kawu, kar a goge saba gobe. Akwai ɗan shuɗin makulli a bayanta. Shi da manhajar da ke buɗe zanen Dada ba sa aiki a mai sittin da huɗu. Na gani da idona bara, na rubuta, Yaya Zakiyya ma ta tabbatar a wasiƙa. In aka goge, Sawun Zabo da Ruwan Gubi da duk sauran ba za su sake hawa riga ba.

Ban ce Oga Chijioke bai iya ba. Ina roƙon a cire tsohon faifan a ba ni in riƙe, ya gwada sabuwar a wani. In inji ya ɗinka ko fure ɗaya, ni zan miƙa masa faifan da hannuna ya goge.

Awon rigar Alhaji Umar yana ƙarƙashin wannan takarda, ban taɓa shi ba.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka,
Ni'ima

*

Ƙofar Ran
Ranar Lahadi

Yaya Zakiyya,

Assalamu alaikum, da fatan safa biyun suna isa. Ban iya buɗe baki ba, gaskiya zan gaya miki. Rubutawa na yi na soke da allura a wuyan riga, inda Kawu ke sa takardar awo. Na ga lokacin da ya ɗaga ta. Ya karanta, ya gyara tabarau, ya sake karantawa, ya sa a aljihu. Bai dube ni ba. Har aka tashi ban san matsayina ba.

Jiya da hantsi Oga ya zo da faifansa. Kawu ya ce, "Chijioke, leƙa bayan akwatin nan ka gaya mini me ka gani." Oga ya durƙusa, ya fito da yanar gizo-gizo a kansa, ya ce, "Alhaji, wa ya sa wannan a nan?" Kawu ya ce, "Injiniyarmu ta ce ba ya shiri da sabuwar taka." Oga ya waiga yana neman injiniya. Kawu ya nuna ni da haɓa. Na ji kamar in shige buhun ƙyalle.

Oga ya ce, "Ƙanwata, yanzu komai yana da hanya. Minti goma zan samo masa abin da zai yi aiki." Ni dai na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya dubi Kawu, ya yi dariya, ya kwance tsohon faifan ya ba ni. Na naɗe shi a ɗankwali na rungume.

Sabuwar ta hau lafiya, kuma Yaya tana da sauri, sha shidan nan duka ta nuna. Kawu har ya fara murmushi. Aka sa makulli, aka ɗaura ƙyalle a inji, aka danna. Shiru. Minti goman Oga ya kai azahar. Ya nema a intanet, ya kira wani abokinsa a Legas, suka yi ta Turanci. Bayan salla ya share gumi ya ce, "Alhaji, kamfanin ya rufe tun tuni. Da na goge, da yau ba zan iya bin ta Ƙofar Ran ba."

Kawu ya ce to a koma gidan jiya ke nan, a ci gaba da jiran hoto. A nan ne na yi magana, ban san ma ta fito ba. Na ce, "Ai ba sai ɗaya ba." Suka juyo. Na ce tsohuwar ta zauna da injinta a ɗakin baya, a cire mata intanet, aikinta ɗinki kawai. Kwamfutar teburin Kawu, da ba a komai da ita sai kallon wa'azi, ita a sa mata sabuwar da ram ɗin, ta riƙe hotunan da masu kawo ɗinki ke zaɓa. Oga ya buɗe ta Kawun ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ce za ta ɗauka. Ya ce, "Wannan yarinya ajinta nawa?" Kawu ya ce, "Ɗaya." Oga ya ce, "A jami'a?"

Da la'asar aka mayar da tsohon faifan. Oga ya kuma yi masa kwafi sukutum a wani faifan, domin ya ce tsoho ba ya sallama in zai tafi. Na zaɓi Sawun Zabo don gwaji. Da inji ya fara ƙara, Dada da ke zaune a ƙofar gida, kusa da shagon, ta aiko a tambaya wanne ake ɗinkawa. Na kai mata ƙyallen, ta shafa da yatsa, ta ce, "Ƙafar hagu ta ɗan karkace, haka na zana ta."

Kawu dai har yanzu bai ce mini komai ba. Na bar hijabin makarantata a shago a rage mini tsawo, gobe zan karɓa.

Ki gaida hazo.
Ni'ima

*

A wuyan hijabi, ranar Litinin

Ni'ima,

Wa alaikumus salam. An rage tsawo inci biyu.

Mabuɗin ɗakin baya yana cikin aljihun hijabin. Daga yau ba mai taɓa kwamfutocin nan sai kina tsaye, har ni.

Dada ta ce akwai zane ɗaya a kanta da ba ta taɓa sa wa takarda ba. Ranar Alhamis za ta faɗa, ke za ki riƙe fensir. Ki zo da littafin naki.

In wata magana ta taso, wuyan riga yana nan. Amma bakin tebur ya fi kusa.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki,
Abdulmuhaimin