Jan Farce a Kunnen Jita

Asger nawa, sanyin idona, rabin raina da ke can ƙetaren teku,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan ruwan da ya raba mu, da bege wanda ya fi ƙarfin ƙirjina. Kai ne doguwar ranar bazararmu wadda ba ta son faɗuwa. Kai ne ƙamshin tuffa idan ta nuna a bayan gida, kai ne ɗumin murhu ran da iskar arewa ta hana jiragen ruwan garinmu Svendborg fita. Idan na ce ina kewarka, kalmar ta yi kaɗan, domin har tsuntsayen tekun nan da ke damun kowa da kuka sun fi ni natsuwa. Na fara da wannan ne don kada gobe ka ce ban faɗa ba. Abin da zai biyo baya ba mai daɗin ji ba ne.

Jitarka ta iso ranar Talata. Mai kawo kaya ya dire akwatinta a ƙofar shago, na ja ta ciki, na share tebur, na wanke hannu kamar mai shirin karɓar jariri. A waya cewa ka yi, "Bodil, ki sauya mata ƙarafan wuya kawai, ki kwantar da tsirkiyoyin ƙasa-ƙasa, ki maido min kafin mu fita zagayen wasannin kaka." Ka faɗe shi da sauri, ka koma ba ni labarin zafin Texas. To, ka manta wadda ka aura? Ni na sassaƙa jitar nan daga katakon tsohon teburin kakata. Na san kowane tabo da ke jikinta da ranar da ta same shi. Kai kana iya yi min shiru, ita ba za ta iya ba.

Ka tuna yadda ka fara shigowa shagon babana? Gashi har kafaɗa, da takalmin makiyayan Amurka da ka sayo a Odense, kana magana ta hanci don a ce ka taɓa ƙetarawa. Babana ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Wannan ɗan samarin ko saniya bai taɓa tatsa ba, amma ji takalmi." Na yi dariya har na yanke yatsa. Sai ka ɗauki wata jita da ke rataye ka taɓa, kiɗan nan na kudancin ƙasar Amurka mai kama da kukan babban mutum, na manta da jinin da ke ɗiga a rigata. Tun daga ranar ban ƙara mallakar zuciyata ba. Da na gama sassaƙa maka taka, a kan gadar katakon bakin ruwa na miƙa maka, da hantsi, jirgin fito yana ta busa. Ka kama hannuna ka ɗora a wuyanta, ka ɗora naka a kai, kantar yatsunka tana kartar fatata, ka ce, "Hannu huɗu ne kawai za su taɓa ta a duniya, biyu nawa, biyu naki." Ban roƙe ka wannan alkawari ba, kai ka ɗauka da bakinka.

Kuma na yarda da kai. Na yarda lokacin da kake kiɗa a mashayun bakin tashar jirgi, masunta suna ihun ka yi musu na gida. Na yarda ran da ka ce sai ka je inda aka haifi kiɗan, ko su karɓe ka ko su koro ka. Na yi kukan murna da ka ba ni labarin tsohon nan na birnin Austin da ya tare ka bayan wasa ya ce, "Kai ɗan ƙasar ƙanƙara, wa ya ɓata maka rai har ka iya wannan?" Da Marla ta ɗauke ka cikin tawagarta, mawaƙiyar da kowa ke rububin yi wa kiɗa, ni na goge maka rigunan tafiya. Na zauna da shago da mahaifiyarka, kai kana zuwa kana komawa kamar tsuntsun ƙaura, ban taɓa tambayarka inda kake sauka ba.

Yanzu ga abin da jitarka ta gaya min. Maratayin fatar da na ɗinka maka an gajarta shi. Kai da kake sakin jita har cinya, kana cewa mai ɗaga ta zuwa ƙirji malamin makaranta ne ba makaɗi ba, yau ramukan maratayin na sama ne suka buɗe baki, na ƙasa sun fara haɗewa. Wane gajere ne yake rataya ta? Tsirkiyoyin da na tarar sirara ne kamar gashi. Ashe ba kai ne kake sa masu kauri ba, kana kiran irin waɗannan na 'yan koyo? Wane lallausan yatsa ake lallaɓawa? Ƙarafan wuyan kuwa, can wajen da kake cinye su da gudun yatsu har sai na sauya, lafiya lau suke kamar ba a taka su. Sai shatar ɗan ƙarfen nan da ake matse wuya da shi don a ɗaga sauti, irin ɗagawar da muryar mace take so. A aljihun akwatin na sami wuyan kwalba na zurawa a yatsa, abin da ka sha cewa dabarar malalata ce.

Duk wannan da sai in haɗiye. Amma a kunnuwan jitar, inda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, akwai jan farce. Ja wur, Asger, a kowane kunne, sabo a kan tsoho, alamar ba sau ɗaya ba ne, ba sau biyu ba. Ni rabona da jan farce tun ranar aurenmu, manne da ƙurar katako ba su bari. Kai kuma ban san ka fara ba.

Me zan ce maka game da kwanakin da suka biyo? Na zama abin da na fi raina wa mata. Na tattaro duk wani hoton bidiyon wasanku da ke yawo a waya, ina tsayarwa, ina ƙara girma, ina leƙen farcen Marla, baiwar Allah. Ja ne. Na ga yadda take juyowa ta dube ka a tsakiyar waƙa. Na ga yadda take matsowa idan an gama, ta cire maka jitar daga wuya da hannunta, kai kuwa ka sunkuyar mata da kai kamar doki ya ga mai shi. Gajera ce, ko kafaɗarka ba ta kai ba. Na ƙone tukunyar manne, na yi wa wani mai goge tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na tsara maka maganganu masu zafi iri-iri, da ka ji su da ka gwammace guguwar hunturu. Kishi ya ci ni, ban ji kunyar faɗa ba. Wace mace ce za ta sassaƙa abu da hannunta, ta ba mutum tare da ranta, sannan ta ga farcen wata a kai ta yi barci?

Jiya da rana mahaifiyarka Mama Gudrun ta shigo da wainar tuffa, kamar yadda ta saba. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce, "Ba wanda ya mutu tukuna, Mama, amma ɗanki yana nema." Na zuba mata kofi, na tura mata wayar gabanta. Na ce, "Dubi yadda take manne masa. A gaban jama'a fa, ko kunya babu." Ta sa tabarau ta kalla, ta ce in maido baya, ta sake kallo. Na ce, "Kin gani ko? Har jitar take cire masa." Ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Ni ba ita nake kallo ba, 'yata. Dubi inda ya sa hannunsa na hagu." Na duba. Jama'a suna tafi, sauran makaɗa sun ɗaga hannu biyu, kai ka ɗaga na dama, na hagun yana cikin aljihu. Mama ta ce, "Haka ubansa ya riƙa tsayawa." Ta tashi ta tafi, ko wainar ba ta yanka ba.

Ka san na san labarin. Baba Mogens, kafintan jirgin da babu kamarsa a gaɓar nan, ya ɓoye hannunsa a aljihu har mutane suka ɗauka girman kai ne. Ya ɓoye wa matarsa, ya ɓoye wa likita, har ranar Kirsimeti da butar kofi ta suɓuce masa a kan tebur kowa yana kallo. Daga hannu abin ya fara, ya bi jiki a hankali har ya kai shi ƙasa. Kai ka ba ni labarin a kan gadar nan tamu, kana cewa ba ciwon ne ya fi ƙona maka rai ba, ɓoyewar ce.

Na koma kan tebur na sake duban jitar, sai duk abin da na karanta ya juye min. Mutum yakan ɗaga jita zuwa ƙirji idan wuyan hannunsa ya daina lanƙwasuwa. Yakan sa siraran tsirkiyoyi idan yatsu sun daina dannawa. Yakan matse wuyan jita da ƙarfe, ya zura kwalba a yatsa, idan yana neman hanyar da zai fitar da sauti ba tare da ya buɗe yatsunsa ba. Wanda kuma ba ya iya murɗa kunnen jitarsa, dole wani ya murɗa masa kafin a hau dandamali, ko da mai jan farce ce. Sai na tuna zuwanka na bazara. Ka miƙo min kwalbar zuma ka ce, "Buɗe mana, ke ce mai ƙarfin gidan," na ɗauka wasa ne. Ka riƙa tafiya ta hagu da ni don ka riƙe ni da dama. Da na kama hannun hagun ina neman kantar nan da nake so, na ji ta yi laushi, ka janye ka ce man shafawar Amurka ne. Na yi dariya. Wayyo ni, na yi dariya!

Kada ka ɗauka na wanke ka, ya abin ƙaunata. Ban sani ba. Wataƙila Mama tsufa ne da tsoro suka sa ta ganin mijinta a jikin ɗanta. Wataƙila sanyi ka ji a hannu ɗaya, a Texas, a tsakiyar zafi. Wataƙila mayaudari ne kai kawai kamar sauran maza masu jita, kuma gajerar nan tana rataya abin da na sassaƙa tana yi maka waƙa a ɗakin otal. Ko ma duka biyun ne, wa ya sani? Abin da na tabbatar ɗaya ne: ko wanne ne, ita ta sani, ni ban sani ba. Idan amanata ka ba ta, ka cuce ni. Idan kuma ciwonka ka ba ta riƙo, ka bar ni nan ina goge ƙarafa, wallahi ban san wanne ya fi zafi ba. Me na yi maka da za ka ga wata ta fi ni cancantar ganin rauninka? Kiɗanka na aura, ko kai?

Na gama aikin. Na sauya ƙarafan, na kwantar da tsirkiyoyin har numfashi ma ya kusa danne su, na rage kaurin wuyan ta baya yadda hannu zai zagaye shi ba wahala, ko da yake ba ka ce in yi ba. Ban taɓa yi wa jita aiki mai kyan wannan ba, kuma ban taɓa yin aiki ina kuka haka ba. Jan farcen ne kawai ban goge ba, yana nan yana jiranka.

Amma ba zan aiko ta ba. Ka gaya wa Marla ta nemi haƙuri, ko ta ara maka wata, ko ta tsine min, duk ɗaya ne a wurina. Mai son jitar nan ya zo Svendborg da ƙafarsa ya karɓa. Ka shigo ta ƙofar shago da rana tsaka, ka tsaya inda ka tsaya ranar da babana ya yi wa takalminka dariya, ka fito da hannuwanka biyu ka shimfiɗa su a kan teburina, in gani da idona. Idan sun tsaya cak, to ka shirya, domin faɗan da zan yi maka sai an ji shi a tsibirin da ke ƙetare, kuma ban yi alkawarin zan yafe da wuri ba. Idan kuma ɗaya ya yi rawa, zan ɗora nawa a kai kamar yadda ka ɗora naka a kan nawa a gadar nan, mu tafi wurin likita tare, ba za a jira butar kofi ta faɗi ba.

Ya hasken gidana, ka ga inda ka kai ni? Kwanakin baya ba abin da na tsana a duniya kamar matar nan da farcenta. Tun jiya kuwa, ina aiki ina addu'a, ina cin abinci ina addu'a, kuma addu'ar ɗaya ce tak: Allah Ya sa macen ce.

Taka tun ranar da ta yanke yatsa saboda kai, taka ko hannun ya tsaya ko ya yi rawa, har ranar da nata biyun za su daina aiki,

Bodil