Fitilar da Ke Kiran Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya marasa lafiyarki? Mu nan lafiya lau sai kewarki, ko da yake tawa kewar ba ta kai ta Baba ba, tunda ni na fi shan faɗanki.

Kin ce in daina kiranki kina bakin aiki, in na taso daga kantin magani kuma ke ba ki taso daga asibiti ba, shi ya sa na koma rubutu kamar mutanen da. Magana ce a kan sabon intanet ɗin da kika sa aka canja mana, wanda suka ce ya fi gudu. Mutumin kamfani ya cire tsohon akwatin da ke kan firij, ya kafa sabo a falo, a kan kantar da ke gefen keken ɗinkin Baba, wai nan ne tsakiyar gida. Wani abu ne mai ƙahoni, gwanin ban tsoro. Da yamma in na dawo gudu yake kamar an biyo shi, ban taɓa ganin irinsa ba.

Amma Baba ya ce in kin kira shi da rana daskarewa kike yi. Har kwaikwayonki ya yi mini: ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya buɗe baki rabi, ya tsaya cak. Na yi dariya har da hawaye, sai na ga shi bai yi ba. Da a ce Baba yana ji, da na ce ku koma kiran murya kowa ya huta. To mutumin da tun haihuwa da hannu yake magana, da ido yake saurare, in hoto ya tsaya ai an rufe masa kowace ƙofa.

Ki gaya mini yadda abin yake daga ɓangarenki. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikas salam. Na ga saƙonka, ina gaishe ku, Allah ya bar mana Baba.

Abin ya wuce dariya. Lokacin hutun cin abincina ne kawai nake samun Baba, a nan nake shiga ɗakin ajiye kaya in jingina wayar a kan kwalin safar hannu. Da tsohon akwatin hoton ba shi da kyau, amma hannunsa yana tafiya, ina gane kowace magana. Yanzu sai mu fara lafiya, fuskarsa tar har ina ganin zaren da ya maƙale masa a gemu, can sai ya tsaya. In ya dawo ya riga ya wuce tsakiyar zance, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar na gane. Shekaranjiya yana ba ni labarin wata mata da ta kawo ɗinki ta ƙi yarda da awonta, daidai inda zai kai ga abin dariyar sabis ya ɗauke. Har yau ban san yadda suka ƙare ba.

Na sa an canja ne don in riƙa ganin yatsunsa sosai, ka san da yatsu yake yin zolaya. Yanzu ga abin da na jawo.

Ka kira kamfanin su zo su duba, kada ka tsaya kana yi musu sannu da aiki. Sannan don Allah ka riƙa zama da shi kuna hira. Na san maganar hannunka ba ta wuce abinci, wanka da "ina makulli" ba, don ka taso ka tarar ni da Mama muna yi maka tafinta. Mama ta tafi, ni ina nesa, ba ka da sauran wanda za ka laɓe a bayansa.

Ka gaishe shi, ka gaishe da Gwaggo in ta leƙo.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na sha faɗan, na gode, ya iso da zafinsa.

Mutumin kamfani ya zo ranar hutuna, ranar da Baba ma ba ya taɓa keke. Ya danna nan ya danna can, ya nuna mini a wayarsa cewa komai lafiya, ya ce ƙila daga wajenki ne. Na matsa masa har ya canja akwatin ya sa wani irinsa. Washegari kika kira, kin san abin da ya faru.

Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ya kasance a nan. Baba ya ce yana cikin gaya miki cewa ƙafarsa ta dama tana damunsa in ya daɗe yana taka keke, sai kika juya kai gefe. Na san wani ne ya kira ki. Amma a wajensa hoton a haka ya tsaya, kin kau da kai, shi kuma yana ta ɗaga miki hannu ki waiwayo, har allon ya yi baƙi. Ke kika fi ni sanin abin da kau da kai yake nufi a wurin Baba. Ko Mama a tsakiyar faɗa ba ta taɓa yi masa ba.

Na yi ta ƙoƙarin nuna masa laifin na'ura ne, da ɗan abin da hannuna ya iya. Ya ce ba ke kika sayi mai gudu ba? Ya za a yi mai gudu ya fi maras gudu tsayawa? Daga nan ya taɓa wushiryarsa, wato sunanki a maganar hannu, ya ce kin shiga cikin masu magana da baki, kin gaji da jiran hannu. Ya ce ba ya ganin laifinki, aiki ya yi miki yawa. Wannan ta fi yi mini ciwo, da ma fushi ya yi.

Jiya da yau wayar tana kan tebur a kife, kin ga dalilin da ya sa bai ɗauka ba. Yana cin abinci, yana ɗinkinsa, amma bai zolaye ni a kan kunnuwana ba tun ranar. Ban san abin da zan yi ba, Yaya.

Naki,
Auta

*

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗiya, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni, ban da ciwon gwiwa da ya zama abokin zama. Da hannuna na rubuta, na sa Auta ya ɗauki hotonta ya aiko miki yana kallon rufin ɗaki, domin magana ce tsakanina da ke.

Na je wurin yayana jiya da hantsi na same shi ba yadda na saba ba. Ni na taso tare da shi, tun kafin a haife ki nake karanta fuskarsa. Mutumin nan bai taɓa roƙon kowa komai ba. Da ɗinki ya kai ki makaranta, masu kawo aiki suna yi masa ihu a fuska kamar ihun zai buɗe masa kunne, yana yi musu murmushi. Abin da kawai yake jira a yini shi ne lokacin da za ki bayyana a wayar nan.

Ban ce kin yi da gangan ba, na san tarbiyyarki. Amma ki sani ransa ya sosu ƙwarai. Har akwatin nan mai ƙahoni da kika aiko a kafa masa, kife shi ya yi da murfin ƙarfen kekensa don kada ma ya gan shi. Da idona na gani. Mutum ba ya rufe kyautar ɗiyarsa sai abin ya kai masa ko'ina.

Ki nemi hanyar da za ki ba shi haƙuri, ko da hutu za ki ɗauka ki zo. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a inda kike.

Wassalam,
Gwaggonki

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, ina tsaye ne. Takardar Gwaggo ta sa ni kuka a ɗakin ajiye kaya, amma ba ita ce maganar ba. Ta ce Baba yana kife akwatin intanet da murfin keke. Murfin nan da mai walda ya yi masa da na katakon ya karye? Ka taɓa gani? Tun yaushe? Ka nemi izini gobe ka koma gida da rana ba tare da ka gaya masa ba. Kada ka yi masa faɗa, ka tambaye shi kawai, kuma ka tsaya ka kalli amsar har ƙarshe ko da ba ka gane rabi ba.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Na koma da rana kamar yadda kika ce. Baba yana kan keke, ga murfin a kife a kan akwatin, ko ƙaho ɗaya bai leƙo ba. Da na ɗaga, akwatin ya yi zafi kamar dutsen guga. Ashe tun ranar da aka kafa shi haka ake yi. Da safe in na fita sai ya cire murfin daga keke ya ɗora a kansa, da yamma in ya tashi aiki ya mayar wa keke murfinsa. Kafin in shigo komai ya koma daidai, shi ya sa ni da mutumin kamfani muke ta yabon gudu.

Na tambaye shi ko fushi yake da ke. Ya dube ni kamar na zauce. Ya ce me ya haɗa akwati da ke? Shi bai ma san cewa akwatin ne mai gudun da aka ce kin saya ba, balle ya san ta cikinsa kike zuwa, a ganinsa kina cikin waya, akwati kuma wani tarkace ne na 'yan zamani. Ni kuma ban taɓa yi masa bayani ba, don hannuna ba shi da kalmar.

Sai na ce to me ya sa yake rufewa. Ya tashi ya je bakin ƙofa, ya kunna ƙwan falo ya kashe, ya kunna ya kashe. Kin tuna, haka muke kiransa in ya ba mu baya, haka Mama take yi in abinci ya sauka. Ya ce fitilun akwatin nan ba sa daina ƙiftawa, kuma a gefen idonsa suke. Yana cikin ɗinki sai ya ga haske ya motsa, ya ɗago ya waiwaya, ba kowa. Ya koma, ya sake gani, ya sake waiwayawa. Ya ce ya san Mama ta rasu, ba ruɗewa ya yi ba, amma wuyansa bai sani ba, shi yake juyawa da kansa. Ya ce ya gaji da waiwayawa yana tarar da ƙofa wayam.

Duk wannan na gane shi, Yaya, ban san yadda aka yi ba. Na zauna a ƙasa kusa da keke, shi ya riƙa bubbuga mini kafaɗa.

Da na dawo hayyacina na ɗauko takarda na zana masa: ga ke, ga akwati, ga waya, na ja layi tsakani, sannan na kifa kofi a kan akwatin da na zana. Ya daɗe yana kallo. Can ya nuna kansa, ya ce ashe shi ne yake rufe ki? Na ce laifina ne da na kamfani. Bai saurare ni ba, ya ɗauki murfin ya kai shi can bayan ƙofa ya ajiye.

Na liƙe fitilun duka da baƙin salatif. Amma ya ce kunya ba za ta bar shi ya ɗauki waya ba, bayan abin da ya faɗa a kanki. Ki gaya mini abin da zan ce masa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikas salam. Allah ya yi maka albarka, yau ka girma a idona, har da kunnuwan naka.

Kada ka ce masa komai a kan haƙuri ko yafiya, in ka fara zai ƙara nauyaya abin. Ka ce masa ina da ƙorafi: ya bar ni a tsakiyar labarin matar da ta ƙi yarda da awonta, kuma ba a yi mini haka. Ka ce gobe zan kira in ji ƙarshensa, daga nan mu yi maganar ƙafar. Na roƙi abokiyar aikina ta tsaya mini a bakin ƙofa don kada kowa ya kira ni in juya.

Ka kai wa Gwaggo gaisuwata, ka ce na gode, ita ta gano mana ba ta sani ba.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama. Ba sai na ba ki labarin kiran ba, kin ga yadda ya yi dariya har ya buge gwangwanin maɓallai.

Bayan kin ajiye ya kira ni, ya nuna akwatin, ya ce in cire salatif daga fitila ɗaya. Na ce za ta dame shi. Ya ce a'a, yanzu ya san in ta ƙifta ke ce kike tafe, in ya waiwaya akwai mutum.

Na cire. Ban gaya masa cewa tana ƙiftawa ko kin kira ko ba ki kira ba. Ke dai kada ki fasa kira.

Naki,
Auta