Ya Tace Min Fim, Ya Zubar da Maganin

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa, tawa kuwa in kin ji ta wataƙila dariya za ki yi. Ki yi abarki, ni ma dariyar nake farawa da ita kafin hawaye su biyo baya.

Ina aiki a teburin karɓar ƙorafi na wani kamfanin waya. Tun safe har yamma mutane ne tsaye a kaina, kowa da fushinsa, ni kuma an ce kar in daina murmushi. Da can abin bai dame ni ba. Amma bara Mama ta kwanta, aka yi mata aiki, na yi makonni ina zaman benci a barandar asibiti, ina jiran a buɗe ƙofa a faɗa min abin da ba na son ji. Alhamdulillahi ta tashi, tana can gidan yayana tana faɗa da jikoki. Ni ce dai har yau ban tashi daga bencin nan ba. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. A ƙwanƙwasa ƙofa, tafin hannuna ya jiƙe. Wani lokaci ina zaune lafiya lau sai in ji ƙirjina ya ɗaure tamau. Na ga likita, ya ce fargaba ce, ya ɗora ni a kan magani, kuma ina sha.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni filashi da finafinai a ciki, ta ce in gwada. Goggo, irin finafinan nan ne da kusan ba a yin komai a cikinsu. Wanda na fi so, wani tsoho ne yake gyaran kwale-kwalensa a bakin ruwa. Zai ɗora butar shayi a wuta, kyamara ta tsaya a kan butar har ta tafasa, ba kiɗa, ba magana. Zai goge katako, ya shafa da hannu, ya sake gogewa. Ranar farko na ce wannan ai ɓata lokaci ne. Can sai na lura kafaɗuna sun sauko, numfashina yana kaiwa har ciki. Tun daga nan in na taso daga aiki, kafin maigidan ya ɗauko yara, sai in zauna a ƙasan falo in jingina da kujera in kalli tsohona. Shi ne ɗan lokacin da nake jin kaina kamar da.

To ga inda matsalar take. Maigidana sana'arsa ɗaukar bidiyon bukukuwa da tace shi. Mutumin kirki ne, ga surutu, kuma ba ya iya ganin abu a karkace bai sa hannu ba, ko da murfin tukunya ne. A aikinsa, duk inda aka ɗan yi shiru ba mai rawa ba mai dariya, yankewa yake. Ranar nan ya dawo da wuri, ya same ni ina kallon butar, hawaye na zuba. Ni hawayen sauƙi ne, shi bai sani ba. Washegari ya ce in ara masa filashin.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo fuskarsa washe, ya zaunar da ni, ya ce ya kawo min tsaraba. Ashe hutun cin abincinsa na rana ya riƙa sarayarwa a shago yana tace min fim ɗin. Fim na kusan awa biyu ya dawo bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Buta ta tafi, gugar katako ta tafi, ruwan sama a jikin taga ya tafi. Tsohona ya koma yana zabura daga nan zuwa can kamar wanda aka biyo. Inda tsohon ya tura kwale-kwalen cikin ruwa ma har kiɗa maigidan ya sa masa, irin na shigowar amarya. Ya ce ya ga yadda jira ya wahalar da ni a asibiti, ya ɗau alkawari ba abin da zai sake sa ni jira, ko da fim ne.

Goggo, me zan ce wa mutumin da ya faɗi haka? Na ce ya yi kyau, na yi godiya. Yanzu ya ce sauran ma duk zai tace min, dogayen kuma ya goge su tunda cin wuri kawai suke. Filashin yana shagonsa, ni kuma ɗaurin ƙirji ya dawo. In na yi shiru, na rasa abin da ke sanyaya min rai. In na yi magana, ina tsoron ganin fuskar nan tasa ta canza, don wallahi ina son mutumin nan. Gaba kura, baya siyaki. Yaya zan yi?

Taki,
Mai jiran buta ta tafasa

AMSAR GOGGO

'Yata, na yi dariyar kamar yadda kika yi izini, musamman a wurin kiɗan amarya. Amma ban raina matsalarki ba. Abin da ke saukar wa mai fargaba da kafaɗa ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in fara da tsaya wa maigidanki. Ya ga matarsa tana kuka a gaban buta, ya ɗauko makamin da ya iya riƙewa, ya sare abin da yake zaton shi ke cutar da ita. Garin neman gira ya taɓa ido, amma so ne ya kai hannunsa wurin. Ke kuma, 'yar nan, godiyar da kika yi ita ta ba shi lasisin tace sauran. Ban ga laifinki sosai ba, ko ni ce bakina zai yi nauyi. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ke ce mai ɗakin. In ba ki nuna masa ba, zai ci gaba da liƙe inda ba ya zuba.

Ga abin da bai gane ba, kuma ina jin ke ma ba ki taɓa faɗa a fili ba. Jira iri biyu ne. Na bencin asibiti, ba ki san me ke bayan ƙofa ba. Na butar tsohon nan kuwa, kin san ƙarshensa, ruwa zai tafasa a sha shayi. Kullum kika zauna kika jira ba abin da ya faru sai alheri, jikinki yana sake koyon cewa ba kowane shiru ne ke ɗauke da mugun labari ba. Wannan za ki faɗa masa, da bakinki, da irin kalmominki.

Kada ki bari sai ya goge. Gobe ki kira shi tun da safe ki ce ya ajiye dogayen, akwai magana. In kun zauna, ki fara da alkawarin da ya ɗaukar miki, ki gaya masa yadda ya ratsa ki, don gaskiya ne. Sannan ki ce hawayen ranar nan na sauƙi ne, kuma wuraren da ya yanke su ne maganin. Fuskarsa za ta ɗan canza, ki ƙyale ta. Namijin da ya bar abincin ranarsa saboda ke zai iya haɗiye wannan. Gajeren fim ɗin kuma kar ki yar, ki adana shi yadda ake adana kyauta.

Maganin likita ki ci gaba da sha, ki kuma gaya wa likitan ɗaurin ƙirjin ya dawo. Fim taimako ne, ba ya maye gurbin ganin likita.

Abu na ƙarshe. Irin maigidanki ba a ce masa ya naɗe hannu, ciwo zai yi. Aiki ake ba shi. Ki ce ya ɗauki kyamararsa ya je gidan yayanki, ya kafa ta inda Mama ke zama, ya bar ta tana ɗauka. Mama ta ninke kaya, ta yi gyangyaɗi, ta farka ta nemi tabaranta alhali yana kan hancinta. Sharaɗi ɗaya ne, ba yanka, ba kiɗa. In ya kawo, ki matsa masa wuri a ƙasan falon ku kalla tare. Kin daɗe kina jiran a buɗe ƙofa a ba ki labarin Mama. Wannan karon ki zauna ki kalle ta tana numfashi, iya tsawon da ranki yake so.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sanyaya miki ƙirji, ya bar ku tare.

Goggonku